Piza a Arewa: baƙuwar gurasa da lissafin ƴan gari

Duk abin da ya sauka Yamai, na ci ne ko na sawa, ba ya jimawa bai hau hanyar kwalta ya nufi gabas ba. Haka burodin nasara ya yi, haka makaroni da madarar gwangwani suka yi, haka kuma shawarma ta yi a ƴan shekarun nan, har ta zama abincin samari da ƴan mata a manyan garuruwan jihohi. Yanzu layi ya zo kan piza, wata faffaɗar gurasa ta mutanen Italiya wadda ake shafe fuskarta da tumatir, a barbaɗa mata cuku, a gasa ta cikin tanderu mai zafin gaske. A da sai a gidajen cin abinci na manya ake ganinta, irin su Le Pilier na Agadas da na Yamai, inda turawa masu yawon buɗe ido da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙetare ke zama. A yau ƙananan shagunan matasa ne ke rubuta sunanta a allo, kusa da sunan shawarma da na soyayyen dankali.

Gari kamar Dogon Dutsi shi ne irin wurin da wannan sana'a ke nema in ta gama da manyan birane. Yana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 275 daga Yamai, kuma motocin fasinja masu zuwa Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Damagaram duk ta cikinsa suke ratsawa. Akwai ma'aikatan gwamnati da aka turo daga birni, sun zo da ɗanɗanon birni a bakinsu. Akwai ƴan makaranta, akwai kuma ƴan kasuwa masu kai da kawowa tsakanin Arewa da Bacaka ta jihar Kabi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami sama da mutum dubu 370 a gundumar Dogon Dutsi, da wajen dubu 270 a gundumar Tibiri, wadda aka yanke daga jikinta a 2011. Bakunan da za su ci dai ba a rasa su ba. Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba shi ne inda kuɗin da za a biya zai kwana, ko a aljihun manomin Tapkin Saw, ko a aljihun wani kamfani da ke bayan teku.

Asalinta abincin talaka ne

Wanda ya ga farashin piza a Yamai zai ɗauka tun farko abincin sarakuna ce, alhali kuwa a titunan Napoli, wani birni na bakin teku a kudancin Italiya, aka haife ta, kuma ƴan dako da masunta da leburori ne suka rene ta. A ƙarni na 18 da na 19 ana tallanta a kan hanya, yanki-yanki, ga mutanen da ba su da murhu a ɗakunansu, kamar dai yadda ake tallan waina da ƙosai a bakin tasha. Tumatir ɗin ma da ake tinƙaho da shi baƙo ne a Italiya, domin daga ƙasashen Amurka turawan Spaniya suka kawo shi a ƙarni na 16, kuma sai da aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi kafin ya shiga tukunya.

Ana ba da labari cewa a shekarar 1889, lokacin da sarki Umberto na ɗaya da matarsa Margherita suka ziyarci Napoli, wani mai gashi mai suna Raffaele Esposito ya yi wa sarauniyar piza da tumatir da farin cuku da ɗanyen ganye, wato ja da fari da kore, launukan tutar Italiya, aka sa wa wannan iri sunanta. Daga nan sai talauci ya ɗauki piza ya ƙetara da ita teku, saboda ɗimbin mutanen kudancin Italiya sun tafi ci-rani Amurka, kuma a birnin New York ne wani shago mai suna Lombardi ya shahara da ita tun daga 1905. Amurkawa suka maida ita sana'ar manyan kamfanoni: Pizza Hut ya fara a 1958, Domino's a 1960, kuma wannan na biyun ya buɗe reshensa na farko a Legas a 2012.

Da mutanen Napoli suka ga abinsu ya bazu duniya, kowa yana yin yadda ya ga dama yana kiran sa piza, sai suka kafa ƙungiya a 1984 don tsare ƙa'idar sana'ar. Ƙullin bai wuce fulawa da ruwa da gishiri da yis ba, a bar shi ya tashi sa'o'i takwas ko fiye, a buɗa shi da hannu, a gasa a tanderun itace da zafinsa ya haura awo 400, cikin minti guda ko guda da rabi. A watan Disamba na 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan gwaninta cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mutanen da suka fara tallanta a titi ba su taɓa mafarkin haka ba.

In an zauna a tebur

A ƙaddara wani malamin makaranta da wani alhaji mai cinikin hatsi sun shiga irin wannan shago bayan sallar isha'i, malamin ne ya ja alhajin, domin ya saba da ita tun yana karatu a Yamai. Abu na farko da zai ba alhajin mamaki shi ne jira. Mai tuwo tana zuba wa mutum tun bai gama wanke hannu ba, mai tsire yana yanka masa yana tsaye, amma piza sai an ce ana so kafin a fara buɗa ƙullinta. Abu na biyu zai faranta masa rai, saboda ana kawo ta a faranti guda, a yanka ta gida shida ko takwas, kowa ya sa hannu ya ɗauka, kamar yadda ake taruwa a kan akushi. Cokali da wuƙa sai wanda ya ga dama.

Da ya kai loma ta farko zai ji tsamin tumatir, ya ga cuku yana bin hannunsa kamar danƙo, sa'an nan ya waiwayi abokinsa ya ce: «To, mushe, ina yajin?» Domin harshen da ya saba da yaji da daddawa da tattasai zai ji abin salam. Tambayarsa ta biyu ta fi ta farko nauyi: «Wannan jan naman na mene ne?» Tambaya ce da ta dace, saboda a ƙasashen turawa yawancin naman da ake ɗorawa a kan piza na alade ne, kuma wajibi ne mai shago a ƙasar musulmi ya faɗi ko wane nama ya sa da inda ya samo shi, ba tare da an matsa masa ba.

Wanda yake so ya gane ko an yi masa aiki na ƙwarai, sai ya ɗaga yanki guda ya duba ƙarƙashinsa. In ya ga ɗigo-ɗigon ƙuna irin na gurasar da ta fito daga tanderu, bakin kuma ya kumbura yana da laushi, tsakiya ba ta yi ɗanye ba, to wuta ta kai. In kuwa ƙasan fari ne fat, ko ya bushe ƙamas kamar biskit, to a ƙaramin murhun gashin kek aka yi ta, wanda zafinsa bai kai ba, aka bar ta ciki har ta ƙeƙashe. Sai kuma ya duba saman. Inda cuku na gaskiya ya yi tsada ko ya gagara samuwa, akan cika wurinsa da mayonez, ko da ɗan cukun nan mai hoton saniya da ake sayarwa a kanti, a malala tumatir na kwalba mai zaƙi. Ana iya cin wannan a ji daɗi, sai dai bai cancanci kuɗin da ake karɓa da sunan Italiya ba.

Kuɗin kuwa shi ne inda alhajin zai gyara zama. A gidajen cin abinci na Yamai piza guda takan kai jika biyar, wani lokaci ta wuce. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a ƙasar Nijar ya zauna a kan sefa 30.047 tun daga 2012, sai daga baya aka ɗaga shi zuwa 42.000. Ke nan faranti guda ya fi ladan kwana uku na ƙaramin ma'aikaci, kuma mutum biyu za su tashi daga kansa su isa gida su tambayi ko an rage tuwo. Mai cinikin hatsi ba ya bukatar alƙalami kafin ya san tiya nawa wannan kuɗi zai saya a kasuwar Fadama.

A warware ta, a ga abin da ke ciki

Tsadar nan tana da dalili, ruwa ba ya tsami banza. In aka ɗauki kayan da ke cikin piza ɗaya bayan ɗaya, aka bi sawun kowanne zuwa inda ya fito, za a ga inda kuɗin ke zurarewa.

Fulawa ce kan gaba. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni ana yin alkaki da taliya da fankasau da ita, kuma ana noma ta da rani a lambunan Ayar da kuma filayen ban-ruwa na Ƙonni. Sai dai abin da ake nomawa bai kai ko'ina ba, kusan duk fulawar da gidajen burodi ke aiki da ita daga ƙetare take zuwa. Saboda haka duk girgizar da ta sami duniya sai ta iso buhun fulawa. Dattawan ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa a taron Dakar, tamman Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, duk kayan ƙetare suka ninka cikin dare ɗaya. A watan Fabrairu na 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukraine, ƙasashe biyu da ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake saye da sayarwa a duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 kuma ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, gadar Malanbil da Gaya ta tsaya, kayan da suka saba zuwa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatanu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina cikin rakiyar soja, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗin mota.

Wani zai ce me ya hana a yi ta da garin hatsi, tunda shi Allah ya hore wa Arewa. Abin da ya hana shi ne alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iska in ƙulli ya tashi, hatsi da dawa kuwa ba su da shi, in aka buɗa ƙullinsu sai ya tsage. Amma ana iya gauraya su. Tun shekarun 1970 cibiyar binciken abinci ta ITA da ke Dakar ta fito da burodin da ake kira pamiblé, wanda kashi 15 cikin ɗari na garinsa hatsi ne. Hana shigo da alkama da ƙarfin doka kuwa an gwada shi a maƙwabta: gwamnatin Babangida ta haramta shigo da ita Nijeriya a 1987, da nufin a noma ta a Kano da sauran jihohin arewa, noman bai wadatar ba, fulawa ta riƙa shiga ta bayan fage, har aka janye dokar a 1992.

Cuku shi ne ya fi kome tsada a cikinta, kuma a nan ne abin ya fi ban takaici. Nijar ƙasar kiwo ce, ana kai shanunta da tumakinta kasuwannin Nijeriya ayari-ayari, amma cukun da ke narkewa a kan piza, wanda ake kira mozarela, yawanci daga Turai ake kawo shi cikin sanyi. Cukun gida na Buzaye da Fulani, irin wanda tashar kiwo ta Tukunus ta ƙasar Filinge ta yi suna da shi daga nonon shanun Azawak, busasshe ne, an yi shi don ya jure tafiya da zafi, in an sa shi wuta sai ya gasu ya yi ƙarfi. Wagashi na Fulanin Benin, wanda ake ɗaure nononsa da ruwan tumfafiya, shi ma ba ya narkewa, shi ya sa ake soya shi a sa a miya. Mozarela kuwa aikin hannu ne kawai: a daskarar da ɗanyen nono, a bar shi ya ɗan yi tsami, a zuba masa ruwan zafi a yi ta ja har ya yi danƙo. A Italiya da nonon ɓauna ake yin mafi daraja, amma da nonon saniya ake yin mafi yawa. Babu wani abu a wannan aiki da ya fi ƙarfin matan da ke yin cuku da man shanu tun suna ƴan mata, in an koya musu kuma an sama musu wurin sanyi. Matsalar nono a ƙasar nan sananniya ce, da damina ya yi yawa har ya rasa mai saye, da rani ya ƙafe, kamfanonin Yamai kuma su dogara da madarar gari ta ƙetare, wadda ta ƙara araha tun da Tarayyar Turai ta cire wa makiyayanta iyakar abin da za su tatsa a 2015.

Wurin sanyi kuma sai da wutar lantarki. Yawancin wutar da yammacin ƙasar ke sha ta daɗe tana zuwa daga Nijeriya ta layin Birnin Kabi, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Mai shagon da ya cika firigo da cukun ƙetare a irin wannan lokaci, ko dai ya ƙona ribarsa a man injin wuta, ko ya zubar da jarinsa a bola, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ciyar da jama'a abin da ya lalace. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura awo 40, ƴan sa'o'i kaɗan sun isa su ɓata nama da nono.

Tumatir da albasa su ne inda Arewa ba ta da uzuri. Da sanyi lambunan Dallol Mauri da na gefen tabkin Tapkin Saw suna cika da tumatir da tattasai da kabeji da salati, har kaya ya yi wa kasuwa yawa, farashi ya faɗi, mata su yanka abin da ya rage su shanya shi ya zama kauɗa. Bayan ƴan watanni kuma ɗanyen tumatir ya zama sai mai hali, kowa ya koma ga na gwangwani da ake shigowa da shi daga Sin da Italiya. Mai shagon da ya san abin da yake yi zai sayi tumatir a lokacin arha, ya dafa shi ya zuba a kwalabe masu tsabta, kamar yadda iyalan kudancin Italiya ke yi ko wace shekara a ƙarshen bazararsu. Albasa kuwa ta Galmi tana nan gabas a kan hanyar nan guda, ita ce ake lodi zuwa Akara da Abijan.

Saura wuta. Tanderun piza na asali itace yake ci, kuma ba kaɗan ba, a ƙasar da ake tafiya mai nisa kafin a samo ƙirare, gawo da sabara kuma suna tsare gonaki daga iska da rairayi. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a Damagaram a ƙarshen 2011, gas na girki ya samu a cikin ƙasa, kuma shi ya fi dacewa da mai wannan sana'a, in dai ya gina tanderun da ke riƙe zafi. Maginan tukwane da masu gina murhun burodi sun san sirrin laka, ba sai an kawo tubali daga waje ba.

Ƴar'uwarta tana Kano

Wanda ya taɓa cin bandashe a Kano zai ga piza ya ce ai ya san ta. Gurasa, wadda fatake Larabawa suka kawo birnin tun zamanin ayarin raƙuma, matan unguwar Jakara suka riƙe sana'arta, ita ma fulawa ce da yis da ruwa, ana manna ta a jikin tanderu mai zafi. In za a yi bandashe sai a jiƙa ta, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Gurasa ta zo baƙuwa, Kanawa suka ɗora mata kayan gonarsu, yau ba wanda ke ce mata abincin Larabawa, kuma ɗan dako yana iya sayenta.

Haka abin yake ga yawancin abin da ke cikin tukunyar Hausa. Masara, rogo, gyaɗa, barkono da tumatir duk daga Amurka suka samo asali. Dankalin turawa sunansa ma ya tona asirinsa, amma ga shi ya zama abin da Dogon Dutsi ke alfahari da shi, tun da manoman garin suka rungumi nomansa da rani tare da tallafin abokan hulɗarsu na garin Orsay da ke Faransa. Ana shuka shi da shigowar sanyi, a haƙe shi wajen Fabrairu da Maris. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a birnin Roma akwai piza da ake yi da yankakken dankali da mai da gishiri kawai, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin irin na Napoli, wadda ake kira marinara, ba ta da cuku ko kaɗan, tumatir ne da tafarnuwa da mai da ɗan ganye mai ƙanshi. Ashe Italiyawa da kansu sun bar ƙofa a buɗe ga wanda ba shi da cuku.

Akwai wani darasi kuma da ya shafi suna. Yadda mutanen Napoli suka tsare sunan pizarsu, haka Nijar ta sami takardun hukumar OAPI a 2023 da suka tsare sunan kilishin Nijar da na albasar Galmi. Takarda dai ba ta sayar da kaya da kanta, sai an sami masu sana'a da za su sa wannan kaya a gaban mai ci, su kuma faɗa masa daga inda ya fito.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci

Ɗan kasuwar da ɗansa ya gama makaranta ya zo masa da shawarar buɗe shagon piza a Dogon Dutsi, ko a Kore Mairuwa inda motoci ke tsayawa, bai kamata ya kore shi ba, bai kuma kamata ya ƙirga masa jari nan take ba. Ya fara tambayarsa su wa za su ci ranar 20 ga wata, lokacin da albashi ya ƙare, domin cinikin da ya dogara da ƴan kwanakin farkon wata da ranakun taron bita na ƙungiyoyi ba ya biyan haya. Ya tambaye shi nawa ne cikin kayan aikinsa zai saya a kasuwar gari da sefa, nawa ne kuma sai an jira mota daga Yamai. Ya tambaye shi abin da zai yi ranar da aka ɗauke wuta. In yaron ya amsa cewa zai yi ƙanana da ɗan makaranta zai iya saye, zai sayar yanki-yanki kamar yadda aka faro a Napoli, zai sa dankalin gari da albasa da tattasai da dambun nama da yaji, ya rage cuku ya zama na wanda ya nema, kuma zai ci gaba da gasa burodi da safe a cikin tanderun nan guda, to ya fahimci sana'a. In kuwa hoton da ya gani a wayarsa yake so ya kwaikwaya, da sunan turanci a allo da farashin Yamai, to a tuna masa cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu rabon, kuma ba a wurin ci kaɗai ba. Ma'aikatar tsabta ita ke da alhakin leƙa firigo da wurin yanka, ta tabbatar naman daga mahauta ya fito da hatimin likitan dabbobi. Ofishin magajin gari yana iya sassauta wa matashin da ke sayen kayan manoman gari a shekararsa ta farko, maimakon a tare shi da takardar patanti tun bai sayar da faranti goma ba. Jami'an kiwo da na gona kuwa sun fi kowa sanin inda nono ke zubewa da damina da inda tumatir ke ruɓewa da sanyi, su ne za su iya haɗa ƙungiyoyin mata da masu shaguna, a koyi ja-in-ja da nono cikin ruwan zafi, a koyi adana tumatir a kwalba. Wannan ilimi in ya zauna zai amfani mai shayi da mai tuwo da gidan biki, ko da shagon piza ya rufe.

Fura da nono da tuwon hatsi da miyar kuka ba su da fargabar wannan baƙuwa, sun ga zuwan burodi da makaroni suna nan daram, kuma manomin Matankari ko na Gecheme ba zai tafi gona da yankin piza a cikinsa ba. Wanda ya sami hali ya ɗanɗana, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma kafin ya biya, ya tambayi mai shago daga wane lambu tumatir ɗinsa ya fito, da wace ruga ta ba shi nono, domin in masu ci suka yawaita wannan tambaya, masu sayarwa za su nemo amsarta a cikin Arewa. Da ɗan gari akan ci gari. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba manoma da makiyaya damina mai kyau.